Gida mai filastar roba da dandamalin roba a Amurka: me ya sa ƙiyasi ya gaza farashi?

Tambaya: Ina zaune a jihar North Carolina, kusa da birnin Charlotte, kuma na samu gidan da nake son saya. An gina shi a 1996. Bangonsa na waje irin filastar roba ce da ake kira EIFS, a bayansa kuma akwai sabon dandamalin shan iska na katakon roba, wanda mai gidan ya ce ya kashe dala 28,000 a kansa bara. Mun daidaita a kan dala 420,000, amma mai ƙiyasin da banki ya turo ya rubuta 398,000. Dala 7,000 kawai ya ba dandamalin, sannan ya ce sai an binciki bangon kafin ƙiyasin ya tabbata. Shin ba a zalunce mu ba? Ai na ɗauka kayan roba sun fi katako ƙarko.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya sa ka shiga gidan alheri. Ƙiyasin gidaje sana'ata ce, kuma irin wannan ƙorafi yana zuwa mana kullum. Abubuwa biyu ka haɗa a tambayarka, kuma wanda ya fi ɓata maka rai, wato maganar dandamali, shi ne ƙarami. Babban yana cikin bangon nan, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Ka fara sanin aikin da aka turo mutumin ya yi. Banki ne ya ɗauke shi, ko da kuwa daga aljihunka kuɗin aikin ya fito, kuma ko da ta kamfanonin da ke ba da kuɗin gida ba tare da ruwa ba kake saye, su ma sai sun nemi ƙiyasi. Tambaya ɗaya yake amsawa: idan aka sa gidan nan a kasuwa yau, nawa mai saye mai hankali zai biya? Rasit ɗin mai gida ba ya amsa wannan tambaya. Abin da ke amsa ta shi ne gidajen da aka riga aka sayar a unguwar. A fom mai lamba 1004 na Fannie Mae (kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga hannun bankuna), wanda aka saba cikewa idan gidan iyali ɗaya ne, dole ya kawo aƙalla gidaje 3 da cinikinsu ya kammala, ya jera su kusa da naka, ya ƙara ko ya rage kuɗi a kan kowane bambanci: girma, yawan banɗaki, gareji, yanayin gini, dandamali. Kuma ƙa'idojin sana'ar, waɗanda ake kira USPAP, ba su yarda ya ƙirƙiro lamba daga kansa ba. Sai ya iya nuna inda ya samo ta a kasuwa. Hanyar da muka fi amfani da ita ita ce a samo gidaje biyu masu kama da juna a komai ban da abu ɗaya, a duba tazarar farashinsu. Idan gida mai dandamali ya fi maƙwabcinsa marar dandamali da dala 7,000, to kuɗin dandamali ke nan a unguwar, ko nawa aka kashe wajen kafa shi.

Katakon robar da ake maganarsa haɗi ne na garin katako da narkakkiyar leda. Kamfanin Trex na garin Winchester a jihar Virginia, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 1996, shi ya fi shahara da shi, har mutane suna kiran kowane iri da sunansa. Akwai kuma wanda robar PVC ce zalla, babu katako a ciki. Gaskiyarka ce, yana da amfani. Ba ya sartse, ba ya buƙatar a riƙa shafa masa mai ko fenti duk bayan shekara biyu ko uku, kuma kamfanoni suna ba da garanti na shekara 25 ko fiye. To amma ka tuna da ranar da mai saye ya zo duba gida. Ya buɗe ƙofar baya, ya fito, ya ga wurin da zai sa kujeru da abin gasa nama, ya ga yara za su iya wasa a inda idonsa ke kai. Wannan yake biya. Sabon katako na gaske da sabon katakon roba duk suna ba shi wannan a ranar. Hutun gyaran da robar za ta ba shi sai bayan shekaru zai ji daɗinsa, kuma masu saye ba sa biyan cikakken kuɗin amfanin da ke nesa. Rahoton shekara-shekara da mujallar Remodeling ta saba fitarwa, mai kwatanta kuɗin gyara da abin da yake dawowa wajen sayarwa, ya sha nuna haka: dandamali ba ya mayar da duka kuɗinsa, kuma kason da na katakon gaske yake mayarwa yakan fi na roba, don na robar ya fi tsada tun farko.

Inda robar take cin riba shi ne bayan ta kwana biyu. Dandamalin katako mai shekara 12 da aka yi sakaci da shi zai yi furfura, ƙusoshi su ɗago, allunan su tsattsage, kuma mai saye zai cire kuɗin sake shi daga tayinsa. Na roba mai shekarun nan zai iya kasancewa wanki kawai yake so. A nan mai ƙiyasi zai rubuta cewa shekarun da yanayinsa ya nuna sun gaza shekarunsa na gaske, kuma darajar za ta bi. Haka nan a unguwar masu hali da kowa ya sa na roba, gidan da ya sa katako mai arha zai sha ragi. Amma a unguwar da dandamalin kowa na dala 10,000 ne, wanda ya kashe 28,000 ya yi wa kansa ne, kasuwa ba za ta rama masa ba. Ka kuma sani cewa faɗin dandamali ba ya shiga lissafin faɗin ɗakunan zama. Layinsa daban ne a fom, don haka ba a ninka shi da farashin kowane taku na cikin gida.

Abu ɗaya nake so ka yi da kanka: ka ɗauki tocila ka shiga ƙarƙashinsa. Allunan roba shimfiɗa ce kawai, ba sa ɗaukar nauyin gini. Ginshiƙai da katakan da suke kwance a kai duk itace ne da aka jiƙa da magani. Da yawan abin da ake kira sabon dandamali sabuwar shimfiɗa ce a kan tsohon ƙashi na 1996. Ka duba doguwar katakon da aka ɗaure a jikin gida, wadda dandamalin ya rataya a kanta. Da manyan kusoshi masu noti aka ɗaure ta, ko da ƙusar guduma? Akwai kwanon da ke kare ruwa a samanta? Yawancin dandamalin da ke ruftawa da mutane daga nan suke ballewa. Ka soka sukudireba a katakon, idan ya nutse kamar a burodi, ka san abin da ka gani. Ka kuma tambayi takardar izinin gini daga ƙaramar hukuma. A gidanka wannan wuri yana da muhimmanci sau biyu, domin a nan dandamalin ya huda bangon da za mu yi magana a kai yanzu.

EIFS ba siminti ba ne, ko da yake daga titi ba za ka bambance su ba. Allon farin soso ne, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, ake mannawa a jikin gida. A kansa a shafa siririn kwaɓi a nutsa raga a ciki, sannan a bi da shafen ƙarshe mai launi wanda da sinadarin roba aka yi shi. Idan ka ƙwanƙwasa za ka ji sauti fayau kamar babu komai a ciki, idan ka danna da babban yatsa zai ɗan lotsa. Filastar siminti ta gaske tauri gare ta kamar dutse. A Jamus aka fara wannan fasaha bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a can a kan bangon bulo da kankare ake manna ta don ta riƙe ɗumi. Kamfanin Dryvit ya shigo da ita Amurka a 1969. Da farko a manyan gine-ginen kasuwanci aka fi amfani da ita, daga shekarun 1980 ta shiga gidajen zama, domin tana da kyau, tana rage kuɗin wuta, kuma ana iya yanka soson a fitar da ado kala-kala a bakin taga da ƙofa.

A nan ne wanda ya taso a garuruwanmu yake yawan yin kuskure. Mun saba da ginin bulo, wanda ko ruwa ya shige shi zai bushe ya ci gaba da tsayuwa. Gidan Amurka ƙashinsa itace ne, an lulluɓe shi da allunan katako, sannan aka sa masa sutura a waje. Irin EIFS na farko an yi shi ne a kan tunanin cewa ruwa ba zai taɓa ratsa fuskar bangon ba, don haka ba a bar masa hanyar fita ba. Fuskar kuwa ba ta yoyo. Ta gefen taga ruwan yake shiga, da inda rufi ya haɗu da bango, da inda aka huda don fitila ko famfo ko dandamali. Da ya shiga bayan soson, shi ke nan, ba iska ba rana. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa shafen siminti ya san wannan ciwo: fuska sumul, ruwa yana cin ƙasar ta ciki, sai wata damina shafen ya faɗo gaba ɗaya a ga rami. A gidan katako abin da ake tararwa allo ne baƙi ƙirin da ya ruɓe, yana marmashewa a hannu, ga funfuna, wani lokaci ga gara da ta bi ta cikin soson ta hau sama ba wanda ya gan ta.

Kuma a jiharka abin ya fara fashewa. A tsakiyar shekarun 1990, masu duba gini a yankin Wilmington, gundumar New Hanover, suka fara auna gidaje masu irin wannan bango, suka tarar da danshi a yawancinsu, har da waɗanda ba su wuce 'yan shekaru da ginawa ba. Shari'o'i suka biyo baya a jihohi da dama. Kamfanonin inshora suka fara cire EIFS daga abin da suke ɗaukar wa 'yan kwangila. Kamfanonin da ke sayen gidajen ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki suka riƙa gudun irin gidajen. Masana'antar ta gyara: aka fito da sabon tsari mai shimfiɗar hana ruwa a jikin katako da 'yar tazara a bayan soso, ta yadda ruwan da ya shiga zai gangara ya fita ta ƙasa. Kundin dokokin gini da yawancin jihohi ke bi ya wajabta wannan tsari a gidajen zama na katako daga baya. Sabon tsarin, idan an sa shi daidai, bango ne mai kyau, kuma ba na rage wa gida daraja don shi kawai. Amma gidan 1996 ya faɗo daidai lokacin tsohon tsarin, sai dai idan an sake masa bango daga baya. Mai ƙiyasinka ya ga shekarar, ya ga jihar, ya ga bangon. Da bai ce a bincika ba, da ni ne zan ce bai yi aikinsa ba.

Mu masu ƙiyasi ido muke amfani da shi, ba ma huda bango. Idan muka ga alamar da ta fi ƙarfin idonmu, fom ya ba mu damar rubuta cewa darajar ta dogara da sakamakon bincike. Alamomin sanannu ne: baƙin zane da ya gangaro daga kusurwar taga, tsaga a inda ƙofa ta yi kwana, danƙon bakin taga da ya bushe ya rabu da bango, bango da ya sauka har ya taɓa ƙasa alhali ya kamata a bar kamar inci 6, da rashin ɗan kwanon nan da ke karkatar da ruwan rufi zuwa indararo a inda rufi ya ƙare a jikin bango. Wannan ɗan kwano bai kai tafin hannu biyu ba, amma rashinsa ya ruɓar da bangaye masu yawa.

Binciken da ake nufi daban yake da duba gida na gama-gari. Mai shaidar ƙwarewa a EIFS za ka nema. Zai huda ƙananan ramuka biyu-biyu a ƙarƙashin tagogi da sauran wuraren zargi, ya zura allurar na'ura har ta taɓa katakon ciki, ya karanta yawan danshi, ya ji ko katakon yana da tauri, sannan ya toshe ramukan da danƙo. Katakon da ke ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya yake. Idan ya kai wajen kashi 20, ruwa yana shiga. Idan ya doshi 30, ruɓa ta samu wurin zama. Sai mai gida ya ba da izini a rubuce kafin a huda, kuma yadda ya karɓi wannan buƙata zai gaya maka abu da yawa.

Sakamakon ne zai nuna yadda lissafin zai kasance. Idan bango ya bushe, sai gyaran danƙo da ƙara kwano, abin da za a cire kaɗan ne. Idan an sami ruɓa a wurare biyu ko uku, za a cire kuɗin gyara bisa takardar ɗan kwangila. Idan ta yaɗu, maganar ta koma a kware bangon duka a sake sutura, kuma wannan dubban daloli ne masu yawa, ba a kuma sanin iyakarsa sai an buɗe. Bayan kuɗin gyara akwai wani ragi da mutane ba sa son ji, wato tsoron da sunan abin ya bari a zukatan masu saye. Gida zai iya bushewa ƙarau, da takardunsa, amma dillali ya gaya wa mai saye kalmar EIFS ya juya. Masu neman gidan sun ragu, ya daɗe a kasuwa, farashi ya sauka. Ana iya auna wannan: a rukunin gidajen da aka gina lokaci guda, wasu da jan bulo wasu da filastar roba, a kwatanta cinikinsu na shekarun baya. A wasu garuruwan tazarar a fili take, a wuraren da ruwan sama bai da yawa kuma kusan babu ita. Shi ya sa ba na yarda da wanda zai ce maka EIFS yana rage kaza cikin ɗari a ko'ina. Ka duba rahotonka, ina kyautata zaton mafi yawan dala 22,000 da ta ɓace daga nan ta fita.

Wannan ba a Amurka kaɗai yake faruwa ba. Yankin Vancouver na Kanada da ƙasar New Zealand duk sun sha fama da gidaje masu yoyo ta bayan sutura. A Birtaniya kuwa, bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72 kuma allunan ado masu roba a tsakiya suka ruruta ta, an kai lokacin da masu ƙiyasi ke rubuta sifili a darajar wasu gidajen bene don neman bashi, har sai an kawo takardar EWS1, wato shaidar binciken bangon waje, da aka ɓullo da ita a ƙarshen 2019. Gidajen suna nan tsaye, mutane suna kwana a ciki, amma banki ya ƙi karɓarsu jingina, kuma gidan da banki ba ya karɓa masu iya sayensa kaɗan ne.

Kada wannan ya sa ka ɗauka duk suturar da ba ta gargajiya ba matsala ce. Allunan robar PVC da ke jikin miliyoyin gidajen Amurka an rataye su ne sakwa-sakwa da ƙananan ramuka a ƙasa, ruwa yana fita, kuma a unguwar matsakaita ba a rage musu komai. Allon siminti mai zare irin na James Hardie yakan sami karɓuwa fiye da su. Wanda ake yi wa kallon tsanaki shi ne allon matsattsen garin katako na shekarun 1980 da 1990, mai kumbura idan ya sha ruwa.

Game da ko an zalunce ku, doka ta ba ka haƙƙin karɓar kwafin rahoton, ka karanta shi layi-layi. Idan ka ga kuskure na zahiri, misali an rubuta dandamalin katako alhali na roba ne, ko an rage faɗin gidan, ko an tsallake wani ciniki na kusa da ya fi kama da naka, kana iya neman a sake duba darajar ta hannun bankin. A tsarin Fannie Mae da takwaransa Freddie Mac na 2024 an yarda ka gabatar da cinikin gidaje har 5. Cinikin da ya kammala za ka kawo, rasit da farashin talla ba sa aiki. Amma ka tsaya ka yi tunani kafin ka yi wannan yaƙi, domin kai ne mai saye. Ƙiyasin da ya sauka makami ne a hannunka wajen neman ragi, kuma mai gida ne ya kamata ya damu da ɗaga shi.

Ka koma kan takardar bayanin da dokar North Carolina ta sa mai sayarwa ya cike. Akwai tambaya a kan irin kayan bangon waje, da tambaya a kan yoyo da danshi. Dokar ta ba shi damar zaɓar cewa ba ya ba da wani tabbaci, kuma idan abin da ya zaɓa ke nan a waɗannan layuka, nauyin bincike ya dawo kanka. Ka nemi tsofaffin rahotannin danshi idan akwai, da takardun duk gyaran da aka yi, da takardar garantin dandamali don ka ga ko yana bin sabon mai gida. Ka kira kamfanin inshora tun yanzu ka gaya musu irin bangon, ka ji ko za su karɓa da kuma nawa. Ka tambayi kamfanin maganin gara ko za su ba da garanti a gidan yadda yake, domin da yawansu ba sa yarda idan soso ya taɓa ƙasa.

Duk wannan sai ya kammala kafin wa'adin binciken da ke cikin yarjejeniyarku ya cika. A jiharku kuɗin da ka ba mai gida na wannan wa'adi ba ya dawowa idan ka fasa, amma kuɗin ajiya na kafin alƙalami yana dawowa muddin ka janye kafin ranar ta wuce. Idan kwanakin sun matse, ka sa dillalinka ya nemi ƙari a rubuce yau, ka kuma kira mai auna danshi kafin ka sake wata magana a kan farashi.